Ɗan dutsen da ke cikin birike

Yara, yau mun zo da abin da kowa ya sani. Ga shi a hannuna: birike ne, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke cewa laita. Ana sayar da shi a kasuwar Birnin Ƙonni, da ta Malbaza, da ta Illela. Mai shayi yana da shi, mai tsire ma yana da shi. To, amma daga ina tartsatsinsa ke fitowa?

Mu duba

Wannan birike ya ƙare, babu gas cikinsa. Ku rufe tagogi, aji ya yi duhu. Na murza ƙaramin gargaren da ke bisansa. Kun ga tartsatsi? Yanzu na murza shi sau goma bisa farar takarda. Ku buɗe tagogi. Me kuka gani? Wata ƴar ƙura mai launin toka.

Ƙarƙashin gargaren akwai wani ɗan abu, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Mutane suna ce da shi dutse ko ƙanƙara. Amma ba dutse ba ne, ƙarfe ne. Masana suna kiransa feroseriyom, don an haɗa baƙin ƙarfe da wani ƙarfe mai suna seriyom aka yi shi.

Mu san seriyom

Seriyom yana cikin wani dangi na ƙarafa 17 da ake kira ƙarafa masu wuyar samu. Sunan nan yana da ruɗi. Seriyom yana da yawa cikin ƙasa, kusan kamar jan ƙarfe. Wuyar ita ce raba shi da ƴan uwansa, don kullum a cakuɗe ake samun su. An gano shi a shekarar 1803. Berzelius da Hisinger suka gano shi a ƙasar Suwed, Klaproth kuma a Jamus. Ƙasar Sin ta fi kowace ƙasa haƙo irin waɗannan ƙarafa. Akwai shi kuma kusa da mu, cikin wani yashi mai nauyi da ake kira monazit, a wuraren haƙar kuza na Jos.

Ga halayensa. Fari ne kamar azurfa. Yana da taushi, har wuƙa tana yanka shi. Yana narkewa wajen digiri 795. Amma babban halinsa shi ne ba ya jimre iska.

Kun tuna iska tana ɗauke da oksijan, kashi 21 cikin 100. Oksijan ne ke sa wuta ta ci. Shi ne kuma, tare da laima, ke sa fartanya ta yi tsatsa. Fartanya sai ta daɗe a waje kafin tsatsa ta ci ta. Seriyom kuwa, da an yanka shi sai hasken wurin ya dushe. In ya haɗu da ruwa, sai ya fid da wata iska mai kama wuta, sunanta idrojan. In aka kankare shi ya zama gari, yana iya kama wuta shi kaɗai.

Yadda tartsatsi ke fita

Kakanninmu suna da ƙyastu. Sukan ƙyasta ƙarfe bisa ƙanƙara, tartsatsi ya faɗa cikin audugar rimi, a hura, wuta ta tashi. A nan dutse ne ke kankare ƙarfe. Cikin birike kuwa, gargaren ƙarfe mai kaushi ne ke kankare feroseriyom. Gugar tana kawo zafi. Ƴan ɓarɓashin da suka fita sai su haɗu da oksijan, su ƙone nan take. Zafinsu yana kai digiri 3000. Ku tuna ruwa yana tafasa a digiri 100 kawai.

Wani masani ɗan ƙasar Otirish, Carl Auer von Welsbach, shi ya ƙago wannan haɗi a shekarar 1903. Baƙin ƙarfen da ya sa ciki ya ƙara masa tauri, ya kuma rage saurin lalacewarsa. Duk da haka, in ɗan dutsen ya yi shekaru a wuri mai laima, sai ya ruɓe ya zama gari. Idan seriyom ya gama ƙonewa yakan bar gari mai suna oksid na seriyom. Wannan ba ya ƙara kama wuta. Da irinsa ake goge gilashin tabarau ya yi sumul.

Yadda masana ke ajiye shi

A ɗakin bincike ba a barin seriyom a fili. Ana nutsa shi cikin mai, ko a rufe shi cikin kwalba da aka cika da wata iska mai suna argon, wadda ba ta cin ƙarfe. Akwai kuma gishirinsa, kloruri na seriyom, wanda ke tsotse laima daga iska, kamar yadda gishirin miya ke jiƙewa da damina. Don haka ana aiki da shi cikin rufaffen akwati mai gilashi, wanda aka liƙa wa safar hannu ta roba. Mai aiki yana sa tabarau. Ba ya ɗanɗanawa, ba ya shaƙar ƙurar. In ƙarfen ya kama wuta ba a zuba ruwa, sai busasshen yashi.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. Magini ba ya barin buhun simintin Malbaza a ƙasa mai laima, don ya san zai daskare.

Mu kiyaye

Ɗan dutsen birike ƙarami ne, amma tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gari. A bakin hanyoyinmu ana sayar da fetur cikin kwalabe da jarkoki. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa, ido ba ya ganinsa. Da hunturu kuma darni da rumbu sun bushe, ga iska tana kaɗawa. Saboda haka:

1. Kada a ƙyasta birike kusa da fetur, ko da babu gas cikinsa.
2. Kada a jefa birike cikin wuta, yana fashewa.
3. Kada a bar shi cikin rana ko kusa da murhu.
4. Kada a fasa shi da dutse don a fid da ɗan ƙarfen.
5. A ajiye shi inda hannun ƙannenmu ba ya kai.
6. In fetur ya kama wuta, ban da ruwa. A nisanta, a kira manya, su zuba yashi. Lambar masu kashe gobara ita ce 18.

Aiki

Ku samo ƙusa biyu sababbi. Ku naɗe ɗaya cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ku nutsa ɗaya cikin man gyaɗa. Bayan mako guda ku duba su, ku rubuta abin da kuka gani cikin littafinku.

Tambayoyi

1. Da waɗanne ƙarafa aka yi ɗan dutsen birike?
2. Don me ake ajiye seriyom cikin mai?
3. Mene ne bambancin ƙyastu da birike?
4. Ƙanenka ya tsinci tsohon birike kusa da mai sayar da fetur. Me za ka ce masa?

Kalmomi da Faransanci

seriyom: le cérium, tartsatsi: l'étincelle, tsatsa: la rouille, laima: l'humidité, gobara: l'incendie.