Amsoshin Tambayoyinku: Manhajar Kwamfuta da Lissafin Jami'a

Wani mai sauraronmu daga Lakwaya, ƙaramar hukumar Gwarzo, ɗalibi a Jami'ar Bayero, yana tambaya: shin manhajar kwamfuta tana taimakawa wajen koyon lissafi?

Malam, mun gode. Tana taimakawa ƙwarai. Nemi GeoGebra, a sake ji, GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya ƙirƙiro a Ostiriya a 2001. Kyauta ce, kuma in ka sauke ta a waya, tana aiki ko babu data. Ka rubuta lissafi, nan take ta zana shi. Ka sauya lamba ɗaya, ka ga layin ya lanƙwashe ko ya miƙe. Amma fa fara warwarewa da biro a takarda, sannan ka duba a manhajar, domin ranar jarrabawa hujja malami zai nema, daki-daki.