Wane Ulu Zan Saya Don Rigar Sanyina ta Farko?

Tambayar ta fito ne daga wata mai sauraronmu a In Amguel, arewa da Tamanrasset a ƙasar Aljeriya. Tana so ta saƙa rigar sanyi karon farko, kuɗin hannunta kuma kaɗan ne.

To, 'yar'uwa, sanyin dare a yankin Ahaggar daga Disamba zuwa Fabrairu ba wasa ba ne, don haka kin yi tunani mai kyau. Ki fara da zaren akirilik. Ya fi ulun tumaki sauƙin kuɗi, yana jure wanki, kuma in kika warware kika sake saƙawa, ba ya saurin lalacewa. Sai dai a kiyaye shi daga wuta, domin narkewa yake yi.

Ki zaɓi mai matsakaicin kauri, wanda ake saƙawa da allura mai milimita 4 zuwa 5, launinsa kuma mai haske, don ki riƙa ganin kowane idon saƙa. Mai gashi-gashi ki bar shi tukuna.

Rigar babban mutum takan ci wajen giram 500. In kin shiga Tamanrasset, ki sayi zaren duka lokaci guda, lambar rinin da ke jikin takardar kowane ƙulli ta zama ɗaya, ki kuma ƙara ƙulli guda.