Abubuwan Da Ke Jawo Mutuwar Matuƙan Jiragen Feshin Gona

Tun cikin shekarar 1921 aka fara amfani da jirgin sama wajen zuba wa shuke-shuke maganin ƙwari, a jihar Ohayo ta ƙasar Amurka, inda wani matuƙin soja mai suna John Macready ya barbaɗa garin guba bisa waɗansu itatuwa da tsutsa ta addaba. A ƙasarmu ma manoman Borno da Yobe da Jigawa da Kebbi sun san irin waɗannan jirage, domin su ake turowa idan tsuntsun jan-baki ya faɗa wa gero da dawa da shinkafa. Aiki ne mai amfani ƙwarai, amma yana cikin ayyukan tuƙi mafiya haɗari. Ya kamata jama'a su san dalili.

Da yawa suna tsammanin mutuwar inji ce ke hallaka matuƙan nan. Inji yakan mutu, gaskiya ne, amma sau da yawa matuƙi kan sauke jirginsa cikin gona ya fito da ransa. Abin da ya fi kisa shi ne karo da wani abu da ke tsaye a ƙasa. Jirgin feshi yana tafiya ne kamar ƙafa 10 zuwa 15 bisa kan shuka, da gudun da ya wuce mil 100 cikin sa'a guda. Mai irin wannan gudu ba shi da lokacin shawara.

Babban abokin gabansa shi ne wayar lantarki. Daga sama ba a cika ganin waya ba, sai dai matuƙi ya nemi turakunta, su kuwa turakun itatuwa kan ɓoye su. Abin mamaki, akan tarar cewa matuƙin ya san da wayar, har ya tsallake ta sau da dama a wannan rana, sa'an nan hankalinsa ya koma kan feshi ya manta da ita. Haka kuma dogayen turakun ƙarfe na sadarwa ko na auna iska, da igiyoyin da ke riƙe da su. A Amurka an yi asarar rayuka a kan turakun auna iska da aka kafa ƙasa kaɗan da ƙafa 200, watau tsawon da daga shi ne aka saba wajabta sa fenti da fitila.

Na biyu shi ne juyawa a bakin gona. Duk sa'ad da jirgi ya kai ƙarshen kunya, sai ya ɗaga sama ya karkata ya komo. Idan matuƙi ya matsa juyin don sauri, alhali tankinsa cike yake da magani, gudu zai ragu har iskar da ke ɗauke da fikafikai ta kasa, jirgin ya kifa. Da a can sama ne da ya gyara. A nan babu sarari. Zafin rana yana ƙara tsananta wannan, gama iska mai zafi ba ta ɗaukar nauyi kamar mai sanyi. Saboda haka ake sa wa jiragen maɓalli na zubar da maganin duka cikin daƙiƙoƙi kaɗan.

Akwai kuma gajiya. Lokacin feshi gajere ne, manoma na jira, sai matuƙi ya yini yana tashi yana sauka. A shekarar 2014 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta fitar da rahoto kan haɗurra 78 na shekarar 2013, ta ambaci gajiya da rashin kula da gyaran jirgi cikin manyan matsaloli. Shi kansa maganin, irin wanda ke taɓa jijiyoyi, in ya shiga jiki yakan tsuke ƙwayar ido ya kawo jiri.

Feshin jan-baki yana da nasa haɗari na musamman, domin da magariba ake yinsa, lokacin da tsuntsayen suka taru a makwancinsu, haske kuwa ya ragu. Don haka idan ma'aikata suka zo duba wuri kafin feshi, wajibi ne mai gona da mai unguwa su nuna musu kowace waya da kowane turke, musamman sababbi, su kuma janye yara da dabbobi daga wurin har jirgin ya gama.