Gubar Dalma Da Karatun Da Ke Cikin Wayarmu

'Yan uwa, a 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta a Anka, da Yargalma a Bukkuyum. A tsakar gida ake niƙa dutsen zinare, yara suna haɗiyar ƙurar, ba wanda ya san akwai guba a ciki.

Shi ya sa nake ce wa malaman kimiyyarmu, har na Gummi, su buɗe Khan Academy da PhET na Jami'ar Colorado, duk kyauta ne. Ni PhET na fi so: yaro zai gwada sinadarai da lantarki a waya, kuma ana sauke shi a yi aiki ba intanet. Wanda ya ga rufe layukan waya na 2021 ya san amfanin haka. Inda aka same su da Turanci, sai malam ya daure ya fassara wa yara.