Kafin ka sayi katin kyautar wasan bidiyo, tambayi ƙasar asusun

Tambayar da iyaye da kawunnai suka fi yi mini, musamman gab da Sallah ko ƙarshen zangon karatu, ita ce: yaro yana da PlayStation ko kwamfutar wasa, ana so a faranta masa rai, wane kati ya kamata a saya? Sai dai galibi tambayar ba ta zuwa sai an riga an saya, an kankare, an shigar da lamba, na'ura ta ce ba ta san zancen ba. Mai shago ya rantse kati mai kyau ya sayar, kuma sau da yawa gaskiyarsa ce.

Manyan shagunan wasanni na intanet, wato PlayStation Store na Sony, Xbox na Microsoft, eShop na Nintendo da Steam na Valve, sun raba duniya ƙasa-ƙasa saboda bambancin kuɗi da farashi da haraji. Katin da aka buga domin Ingila fam ne a cikinsa, asusun Ingila ne kawai zai karɓa, kamar yadda katin waya na wani layi ba ya shiga wani layin komai kyansa. Kuma ba inda yaron yake zaune ake dubawa ba, ba kuma inda aka sayo na'urar ba. Ƙasar da aka rubuta a asusun ita ce ma'auni.

A nan tamu matsalar take. Najeriya da Nijar ba sa cikin jerin ƙasashen da Sony ya buɗe wa shago, don haka wanda ya haɗa na'urar, ko mai shagon da aka saya a wurinsa ne ko wani aboki, ya zaɓi Amurka ko Ingila ko Saudiyya ko Daular Larabawa, ya wuce abinsa. Shi kansa yaron bai sani ba. Za a ce maka a duba alamar kuɗin da ke jikin farashi, wannan ba ya wadatarwa, domin shagon PlayStation na Saudiyya da na Daular Larabawa su ma da dala suke sa farashi. Kawun da ke Jidda zai sayi katin dala 50 da zuciya ɗaya, asusun yaro kuma na Amurka ne, dala da dala amma ba su gaisa. A shiga bayanan asusun a ga ƙasar da aka rubuta, a ɗauki hoton wurin a tura wa mai saye. Aikin minti biyu ne.

Sony ba ya bari a canza ƙasar asusu bayan an buɗe shi. Idan an riga an sayi katin da bai dace ba, kuma lambar ba ta shiga ba, kuɗin suna nan, ba su ƙone ba. Abin da mutane ke yi shi ne su buɗe asusu na biyu na ƙasar katin a kan na'urar, su zuba kuɗin a can, su sayi wasan, sannan su kunna damar raba wasanni da sauran asusun da ke kan na'urar, sai yaron ya buga da nasa na asali. Dabarar tana aiki ga wasa sukutum, amma kuɗin cikin wasa, irin wanda ake sayen 'yan ƙwallo da shi a EA Sports FC, yana zama ne a asusun da ya saya. Haka ƙarin da ake saya wa wasa, dole yankinsa ya dace da na wasan. A kuma san cewa sharuɗɗan kamfanin suna neman adireshin gaskiya, don haka in rigima ta taso, mai asusun ba shi da bakin magana sosai.

Wani zai ce to a sayi wasan kansa mana a aika. A PlayStation ba a saba da wannan ba, kuma tun watan Afrilun 2019 Sony ya daina ba 'yan kasuwa lambobin cikakken wasa su sayar. Abin da ya rage shi ne katin kuɗi, ko faifai in na'urar mai cin faifai ce. Ni dai faifan nan ban raina shi ba: ba ruwansa da ƙasar asusu, ana iya ara wa ɗan'uwa, in an gaji a sayar. Xbox yana da maɓallin saye a matsayin kyauta, ana aika lambar ta imel, amma sai a ƙasar da aka saya za ta buɗu. Nintendo yana bari a canza ƙasa, sai dai ragowar kuɗin da ke lalitar asusun ba ya bin ka.

Steam, na masu wasa a kwamfuta, ya fi sauƙin kai. Kana iya aika katin kuɗi kai tsaye daga asusunka zuwa na wani, kuɗin su juye zuwa irin wanda lalitarsa ke amfani da shi, da sharaɗin kun kai kwana uku da zama abokai a dandalin. Wanda ke son kyautar ta isa ranar Sallah kada ya bari sai daren jajibere. Kana kuma iya zaɓar wasa ka aika, in ya ƙi karɓa kuɗinka su dawo, amma Steam na hana aikawa idan farashin ƙasashen biyu ya yi nisa da juna. Ƙa'idar mayar da kuɗi ita ce cikin kwana 14 da saye, kuma ba a buga wasan ya kai awa biyu ba.

Sai batun adadi. Manyan sababbin wasanni sukan kai dala 69.99, mai saye ya ga kamar dala 70 ta ishe shi. A asusun Amurka ana ɗora harajin saye a kan farashin gwargwadon jihar da aka rubuta a adireshi, sai a zo biya a tarar da giɓin 'yan daloli, kyauta ta koma jiran ciko. Farashin Ingila ya riga ya haɗa da haraji. A bar ɗan rara a sama. Kada kuma a zuba fiye da kima, domin kuɗin da ya shiga lalitar shago ba ya komawa aljihu.

Idan yaron ƙarami ne, kuma an buɗe masa asusun yara a PlayStation, ba shi da lalita tasa. Daga ta babban gida yake ci, shi ne zai shigar da katin ya kuma sa iyakar abin da za a kashe a wata. Wannan tsari ya fi mini a yi wa yaro ƙaryar shekaru a buɗe masa na manya, ko ba komai uba ya san inda kuɗi ke zuwa.

Yawancin matasanmu ma a waya suke wasa, PUBG Mobile da Free Fire da makamantansu. Wanda zai loda musu lambar ɗan wasa kawai yake buƙata. Duk dillalin da ya nemi kalmar sirri, a bar shi da hajarsa, asusun yake hari.

Bayan da bankunan Najeriya suka taƙaita amfani da katin naira a waje a 2022, dillalan lambobi suka yawaita a WhatsApp da Instagram. Akwai na kirki a cikinsu. Amma wanda ya ce zai ba ka katin dala 100 a kuɗin da bai kai canjinsa ba, ka tambayi kanka inda ya samo. Lambobi da dama da katin bankin sata aka saye su, ko an damfari wani aka karɓe. In mai kuɗin ya kai ƙara, kamfani na iya janye kuɗin ya kuma rufe asusun, duk wasannin da yaro ya tara su tafi tare. Haka nan duk wanda ya kira ya ce a biya tara ko kuɗin aiki ko na fito da kaya da katin Steam ko na Apple, ɗan damfara ne, babu hukumar da ke karɓar kuɗi ta wannan hanya.

Ka saya a wurin da zai ba ka rasiɗi, ka ajiye shi tare da hoton katin gaba da baya, domin su kamfani zai nema in lamba ta ƙi shiga. Lambar kuma a tura wa yaron shi kaɗai, kada a sa ta a zauren dangi na WhatsApp, domin wanda ya riga shigarwa shi ya ci. Ya shigar a ranar, ya turo maka hoton lalitar da kuɗin a ciki.