Yadda Ake Motsa Jiki Don Shafaffen Tafin Ƙafa a Matasa

Kafin a fara komai, a tabbatar da irin ƙafar. A sa matashin ya tsaya ba takalmi, ya yi ɗage a kan yatsunsa. Idan kwarmin tafin ya bayyana, diddige ya ɗan karkata ciki, ƙafar mai laushi ce, ita ce motsa jiki ke taimaka wa. Idan tafin ya ƙi lanƙwasa, ko ƙafa ɗaya ce kawai ta shafe tana ciwo, mai yiwuwa ƙasusuwan bayan ƙafar ne suka manne, matsalar da kan fito fili a shekarun balaga. Wannan aikin likitan ƙashi ne, kamar na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Wanda kuma ba ya jin ciwo ko gajiya, ba ya buƙatar magani.

Matakin farko shi ne miƙe agara, domin taurinta ne ke yawan jawo zafin. A dafa bango, a mai da ƙafa ɗaya baya, gwiwa a miƙe, diddige a ƙasa, a matso gaba har sha-raɓa ta ja, a riƙe daƙiƙa 30, sau uku kowace ƙafa. Daga nan a zauna a kujera, tafi a ƙasa, a jawo gindin babban yatsa zuwa diddige ba tare da an naɗe yatsun ba, har kwarmin ya ɗago. A riƙe daƙiƙa biyar, sau goma. Da farko da ƙyar za a ga motsi, kada a karaya. Idan ya samu, a koma yin sa a tsaye. Sai ɗaga diddige a hankali sau 15, da tattaro tawul da yatsu. Kullum minti goma, na tsawon wata biyu zuwa uku.

Wani zai ce takalmi na musamman ya fi sauƙi. Amma binciken da Wenger da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1989 ya nuna irin waɗannan takalma ba su canza siffar ƙafar yara ba. A Indiya kuwa, Rao da Joseph sun duba yara 2,300 a 1992, suka tarar shafaffen tafi ya kai kashi 8.6 cikin ɗari a masu sa takalmi, kashi 2.8 kacal a masu yawo ba takalmi. Ƙafar da ke aiki ita ke ƙarfi. Gaskiya ne motsa jiki ba lallai ya sauya siffar ƙafar matashi ba, amma abin nema shi ne ya yi tafiya da ƙwallo ba ciwo. Idan zafin ya ƙaru ko kumburi ya fito, a dakata a je asibiti.