Filin Wasa da Ɗakin Falsafa: Darasi Domin Iyaye da Ɗalibai

Duk shekara idan sunayen waɗanda suka sami gurbin karatu suka fito, akan sami gida a Sabon Gari ko Fagge inda murna take raguwa da zarar an ji cewa sashen ilimin motsa jiki da lafiya aka ba yaro a Jami'ar Bayero. Uba ya ce, shekara huɗu za a yi ana biyan kuɗi domin a koyi tsalle-tsalle? In yaron ya zo hutu da littafin falsafa, wadda take cikin darussan gama-gari na jami'o'inmu, sai a ce wannan kuma surutun Turawa ne. To, fannonin nan biyu a fili ɗaya aka haife su, tambaya guda kuma suke bi: mene ne jikin mutum?

A wajen shekara ta 387 kafin haihuwar Almasihu, Aflatun ya kafa makarantarsa ta Akademiya a bayan ganuwar birnin Atina, kusa da filin da samari suke motsa jiki. Magabata sun ce shi kansa ɗan kokawa ne. Almajirinsa Aristotal ma a irin wannan fili ya buɗe tasa a shekara ta 335. A littafinsa na Jamhuriya, Aflatun ya koyar cewa wanda ya horar da jiki kaɗai yakan zama mai taurin hali, wanda kuwa ya tsaya ga kiɗa da waƙa kaɗai yakan yi laushi fiye da kima.

Amma Aflatun ɗin nan ne kuma ya kwatanta jiki da kurkukun rai, a nan ne Ikklisiya ta rabu da shi. Waliyi Agustin, ɗan Afirka da aka haifa a Tagaste a shekara ta 354, ya yi shekara tara cikin mabiya Mani, masu cewa jiki daga mugunta ya fito, kafin ya gane cewa duk abin da Allah ya halitta nagari ne. Ba baƙo ba ne a gare mu: Bishof Patrick Sheehan, wanda a hannunsa Kano ta zama cikakkiyar dayosis a 1999, da Bishof John Namaza Niyiring da ya gaje shi a 2008, dukansu 'yan ƙungiyar Agustin ne. Daga baya Waliyi Toma na Akwino, wanda ya rasu a 1274, ya bi Aristotal ya nuna cewa rai da jiki tare suke zama mutum guda. A ƙarni na 17 ne Dekart na Faransa ya sake raba su, ya ɗauki jiki kamar inji.

Kada mu ce wannan gardamar malamai ce kawai. Mu tsaya a Bata da hantsi mu duba. Ga 'yan dako da masu tura baro suna ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsu daga kasuwar Sabon Gari. Ga mai shago zaune tun safe har magariba, sai hawan jini ko ciwon suga ya kwantar da shi. Wanda ya ɗora wa yaro buhun da zai lanƙwasa masa baya bai taɓa jin sunan Dekart ba, amma kamar inji ya ɗauke shi.

Ɗalibin motsa jiki kuwa ba tsalle kaɗai yake koyo ba. Yana karanta ƙasusuwa da tsoka, aikin zuciya da huhu, abinci mai gina jiki, da taimakon gaggawa ga wanda ya suma ko ya karye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, yaro ɗan makaranta kuwa kimanin minti 60 kullum. Makarantu da dama a unguwanninmu a cikin gidan bene suke, ba ko filin da za a buga ƙwallo. Malamin da zai san yadda za a sama wa yaran nan mintunansu 60 a tsakar gida mai faɗin taki ashirin, daga wannan sashen da uba yake rainawa zai fito.